Furojet Ɗin Rukuni a Jami'a: Koyon Injiniyancin Manhaja Ne Ko Ɓata Lokaci?

Duk ƙarshen zangon karatu ana jin ƙorafi kala uku a kan abu guda. Uba a unguwar Nyohini ta Tamale yana ganin ɗansa ya goya laftof bayan Magariba, ya hau babur ya ce ya tafi "aikin rukuni", sai ya shiga tambayar kansa ko kuɗin makarantar da ya biya na karatu ne ko na hira. Ɗalibar da ta raba dare tana gyara abin da wasu suka jagwalgwala tana ganin zalunci ne a ba ta maki ɗaya da wanda ko taro bai taɓa leƙowa ba. Shi kuma mai kamfani a Accra ko Kano cewa yake masu digirin kwamfuta suna zuwa masa da takardu masu kyau, amma da zarar ya miƙa musu aikin da wani ya fara ya ce su ɗora, sai ido ya raina fata.

Kowanne cikinsu yana da hujja. Sai dai dukkansu sun taru a kan ruɗani ɗaya: ana ɗaukar iya rubuta umarnin kwamfuta a matsayin shi ne injiniyancin manhaja, ana kuma ɗaukar duk aikin da aka raba wa ɗalibai biyar a matsayin aikin rukuni na gaske.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Manhaja ita ce tarin umarnin da ke sa kwamfuta ko waya ta yi wani aiki, kamar WhatsApp ko tsarin da ke bayan tura kuɗi ta waya. Rubutun umarnin shi ake kira kod, aikin rubuta shi kuma furogiramin. Mutum ɗaya zai iya koyon furogiramin a ɗakinsa, wasu ma a kan waya suka fara.

Injiniyancin manhaja ya zarce nan. Ya haɗa da gano ainihin abin da mai aikin yake buƙata, wanda sau da yawa ba shi ne abin da ya faɗa da bakinsa ba. Tsara yadda sassan manhajar za su yi magana da juna. Gwada ta kafin ta isa hannun jama'a. Rubuta bayanin da wani zai karanta ya fahimta. Da kula da ita na tsawon shekaru bayan waɗanda suka ƙirƙire ta sun kama gabansu. Rubuta kod kashi ɗaya ne a ciki, kuma ba lalle ne ya zama kashi mafi wuya ba.

Furojet kalmar aro ce da ɗalibai suke nufin aikin da ake ba su na makonni ko watanni, wanda a ƙarshe za su fito da wani abu mai aiki su kare shi a gaban malamai. Idan aka ce furojet ya yi kama da na gaske, ba ana nufin ya yi girma ko an yi amfani da kayan aiki na zamani ba. Ana nufin akwai wani mutum a wajen aji da yake jiran abin, wanda zai iya canza ra'ayi a tsakiyar aiki, zai kuma iya cewa bai gamsu ba.

Daga ina salon furojet ɗin rukuni ya fito

A watan Oktoba na 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana kimanin 50 a garin Garmisch na ƙasar Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja na lokacin sun zama ciwon kai: suna wuce wa'adi, suna cinye kuɗi fiye da kasafi, idan an gama kuma ba su da aminci. Taron ne ya yayata sunan injiniyancin manhaja, da fatan a riƙa gina ta da tsari irin na sauran fannonin injiniya.

Bayan shekara bakwai, a 1975, Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya fitar da littafinsa *The Mythical Man-Month*. A ciki ya yi wani ƙiyasi da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ƙaramar manhajar da mutum ya rubuta tana aiki a kwamfutarsa, idan ana son ta zama abin da kowa zai iya amfani da shi, an gwada an rubuta bayani, wahalar takan ninka sau uku. Idan kuma ana son ta haɗu da wasu manhajoji ta zama ɓangare na babban tsari, sai ta sake ninkawa sau uku. Wato tsakanin "tana aiki a wurina" da "an gama" akwai ninki tara. Aikin gida da ake ba ɗalibi shi kaɗai ya kawo mako mai zuwa yana horar da shi ne a kan kashi ɗayan farko kawai.

Jami'o'i sun daɗe suna neman hanyar cike sauran. Jami'ar Aalborg ta Denmak, tun kafuwarta a 1974, ta gina karatunta a kan ɗalibai su haɗu rukuni-rukuni su warware matsala. A Jami'ar Sheffield ta Ingila akwai darasin da ake kira Software Hut, inda ake kawo mai buƙata daga waje, rukunoni da yawa su yi masa aiki ɗaya, a ƙarshe ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Armando Fox da David Patterson sun sake fasalin darasinsu bayan sun tambayi manyan kamfanonin manhaja abin da sabbin ma'aikata suka fi rasawa. Amsar da ta zo a sahun gaba ita ce iya aiki a kan tsohon kod ɗin da wani ya rubuta, tare da iya gwaji da iya mu'amala da mai buƙatar da bai san kwamfuta ba. Daga nan suka riƙa haɗa ɗalibansu da ƙungiyoyin sa-kai. Jagorar koyar da fannin da ƙungiyoyin ACM da IEEE suka fitar a 2004, suka sabunta a 2014, ita ma ta ba da shawarar babban furojet na ƙarshe a rukuni, wanda zai fi kyau ya ɗauki shekarar karatu guda, kuma mai buƙatarsa ya zama wani ne daban ba malamin da ke dubawa ba.

Shi kansa salon aikin ya sauya. Da, ana rubuta dukan buƙatu a farko, a yi zane, a gina, sannan a gwada a ƙarshe. A watan Fabrairu na 2001 wasu ƙwararru 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar salon da ake kira ajayil, ma'ana salo mai sauƙin juyawa: a gina kaɗan, a nuna wa mai shi, a gyara, a sake ginawa, yawanci duk mako biyu. Wannan ya dace da zangon karatu ƙwarai, domin a wata uku rukuni zai iya yin zagaye biyar ko shida.

Abin da Tamale ta riga ta mallaka

Mai karatu zai iya cewa wannan duk labarin Turai da Amurka ne. To, ɓangaren da ya fi wuyar samu a can, wato fitar da ɗalibi daga aji a zaunar da shi gaban mutanen da zai yi wa aiki, tsohon abu ne a arewacin Ghana.

An kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka fi sani da UDS, a 1992 a zamanin gwamnatin PNDC ta Jerry Rawlings, ƙarƙashin doka mai lamba 279, aka fara karatu a 1993 da ɗaliban aikin gona a Nyankpala, kimanin kilomita 20 daga Tamale. Dokar ta ɗora mata nauyin haɗa karatun jami'a da rayuwar al'umma domin ci gaban arewacin ƙasar. Daga nan aka sami tsarin da ya bambanta ta da yawancin jami'o'in Ghana: shekarar karatu zango uku ce, na ukun kuma a ƙauye ake yin sa. A shirin da ake kira TTFPP, ana haɗa ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban a rukuni ɗaya, a tura su wani gari su zauna na makonni, su gaisa da sarki da dattawa, su bi gida-gida, su rubuta yadda garin yake da abin da ke damun mutanensa, daga baya su dawo su tattauna da su a kan abin da ya fi kamata a fara magancewa.

Duk wanda ya san injiniyancin manhaja zai gane wannan aikin. Shi ne tattara buƙatu, matakin da ayyuka da yawa suke mutuwa a kansa tun kafin a rubuta layi ɗaya na kod. Ɗalibin da ya taɓa zama a ƙarƙashin bishiya yana jiran tafinta ya juya masa maganar tsohuwa daga Dagbanci, ya kuma gano cewa abin da ya rubuta a takardar tambayoyinsa ba shi ne damuwarta ba, ya riga ya ɗanɗana darasin da ɗalibin Berkeley sai an nemo masa baƙo kafin ya same shi.

Bayan dokokin 2019 da suka mayar da harabar Navrongo da ta Wa jami'o'i masu zaman kansu, wato C. K. Tedam da S. D. Dombo, UDS ta koma Tamale da Nyankpala, kuma tana da sashen kimiyyar kwamfuta a Nyankpala. A cikin gari ga Jami'ar Fasaha ta Tamale, tsohuwar kwalejin kimiyya da fasaha da ta zama jami'a a 2018, ita ma da nata sashen. Ga cibiyoyi irin su HOPin Academy da ke horar da matasa a kan fasaha da sana'a. Matashin Nyohini ko Sabonjida ko Zango ba sai ya je Kumasi ba kafin ya shiga fannin. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a ɗinke fitar ƙauye da darasin manhaja su zama abu ɗaya, maimakon rahoton ƙauye ya kwanta a kanta, furojet ɗin kwamfuta kuma ya ƙare a kan "tsarin kula da ɗakin karatu" na ƙirƙira wanda babu ɗakin karatun da ya taɓa nema.

Misali: katin mai susu

A ɗauka malami ya ba ɗalibai shida aikin yi wa mai karɓar susu a kasuwar Aboabo manhaja. Susu shi ne adashin Ghana, kuma a nau'in da mai karɓa yake zagayawa kullum, katin yakan zo da gurbi 31: mai ajiya ta zuba, misali, sidi 10 kowace rana, a ƙarshen wata a mayar mata da 300, zubin kwana ɗaya ya zama ladan mai karɓa. A takarda, aikin yini biyu ne. Sunaye, kwanaki, jimla.

Ranar da suka je nuna masa zagayen farko, sai tambayoyi su fara fitowa. Hajiya mai tumatir ta yi kwana uku ba ta zuba ba, a rana ta huɗu ta kawo sidi 40: gurbi ɗaya za a cike ko huɗu? Wata ta buƙaci kuɗinta a rana ta 12 saboda rashin lafiyar yaro: za a cire ladan kwana ɗaya cikakke? 'Yarta ce ta kawo zubin yau, sunan wa za a rubuta? Mata uku a layi ɗaya duk sunansu Amina Alhassan. A tsakiyar rumfuna sabis yakan ɗauke, to ina kuɗin da aka shigar a lokacin zai tsaya, kuma me zai faru idan ya danna sau biyu don ya ga abin bai tafi ba? Wasu masu ajiyar ta MoMo suke turowa, tsarin kuɗin waya da MTN ta kawo Ghana a 2009, da ƙaramar waya mai maɓalli suna danna *170#, ba su da wayar da za ta ɗauki manhajar da aka zana da hotuna masu kyau. Daga ƙarshe magajiyar layin ta ce, "Yarana, duk na ji. Amma in babu kati a hannuna da zan nuna wa maigida, ba na ciki."

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake cikin takardar da malami ya raba. Kuma kowanne yana taɓa aikin mutum fiye da ɗaya: wanda ya tsara rumbun bayanai dole ya sauya, wadda ta zana fuskar manhajar dole ta sauya, mai gwaji ya sake rubuta nasa.

Akwai kuma tarkon da sai an faɗa ake sani. A yawancin harsunan furogiramin, idan aka tara 0.1 da 0.2 ba a samun 0.3 cif, ana samun 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta take adana gutsuren lamba. Wanda ya ajiye kuɗi a haka, wata rana lissafinsa zai saɓa da na kati da fesuwa ɗaya, wato kwabon Ghana, kuma fesuwa ɗaya ta isa ta sa a daina yarda da shi. Masu sana'ar sukan ajiye komai a fesuwa, lamba cikakkiya. Haka sunan da ke da ƙ ko ɗ na Hausa, ko ŋ da ɣ da ɛ na Dagbanci, idan ba a saita tsarin haruffa daidai ba, yakan fito a rasit da alamar tambaya a tsakiyarsa.

Kada a raina irin wannan kuskure don ƙanƙantarsa. A Birtaniya, manhajar lissafi ta Horizon da hukumar gidan waya ta yi amfani da ita ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, aka gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 tsakanin 1999 da 2015, wasu har kurkuku. Idan manhajar ɗalibai ta nuna giɓi a asusun Hajiya, mai susu ne za a kira ɓarawo a tsakiyar kasuwa.

Me ya sa yawan hannu ba ya rage aikin

A gayyar noma, kowa ya kama kunyarsa; mutum ashirin za su gama gonar da mutum biyu za su yi kwanaki a kanta, domin kunyar wani ba ta jiran ta wani. Ɗalibai da iyaye da yawa da wannan tunanin suke kallon aikin rukuni, shi ya sa suke mamakin yadda mutum shida suke kasa abin da ɗaya zai yi a mako. A manhaja kowane sashe yana rataye da wani. Mutum 4 suna da hanyoyin magana 6 a tsakaninsu, mutum 6 suna da 15, mutum 10 suna da 45. Daga nan Brooks ya fitar da hukuncinsa da ya shahara, cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara ƙara masa latti yake yi.

A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Wani rukuni ya rubuta manhajar da ke fitar da lissafi a ma'aunin fam na Amurka, wani rukunin yana karanta lambobin a matsayin ma'aunin niyuton. Kowane ɓangare ƙwararru ne. Tsakaninsu ne abin ya faɗi. Irin wannan gazawar ba a iya koyar da ita ga ɗalibin da yake aiki shi kaɗai, don babu tsakanin da abu zai faɗa.

Kayan aikin da ake amfani da shi wajen haɗa hannu shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Ma'ajiya ce da ke riƙe kowane canji da aka yi wa kod, da sunan wanda ya yi, da ranar, da dalilin da ya rubuta. Shafuka irin su GitHub suna ajiye ta a intanet. Idan mutum biyu suka taɓa layi ɗaya ta hanyoyi mabambanta, Git yakan tsaya ya ƙi haɗawa har sai sun zauna sun yanke wanne za a bari. Rukunin da kowa ya tafi da nasa ya yi wata biyu, sannan suka zo haɗawa ana jibi kare furojet, yawanci a daren suke sanin abin da ake nufi da injiniyanci.

Masu suka da inda suke da gaskiya

Suka mafi ƙarfi ita ce ta cima-zaune: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matsalar ba ta ɗaliban yau kaɗai ba ce. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa idan mutane suka haɗu suna jan igiya, ƙarfin kowanne yakan ragu yayin da yawansu ke ƙaruwa, har mutum takwas su ja kusan rabin abin da ya kamata jimlar ƙarfinsu ta bayar. Ɗalibar da ta yi ƙorafi a kan makinta tana da gaskiya, kuma malamin da ya ba rukuni duka maki ɗaya ya guje wa aikinsa ne.

Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya gefen: gwanin rukunin da yake ƙwace komai ya rubuta shi kaɗai don "kada a ɓata masa maki". Shi ma ya faɗi darasin, ko da manhajar ta yi kyau. Yakan kuma faru cewa ana tura ɗalibai mata ga rubuta rahoto da shirya allon gabatarwa, maza su riƙe kod, a gama digiri wata ba ta taɓa tura canji ko ɗaya ma'ajiya ba. Idan taron rukuni sai bayan Isha'i a ɗakin wani, to an riga an cire wadda gidansu ba za a bar ta ta fita ba, da matar aure, da wanda yake tuƙa keken haya na yalo-yalo da dare don ya biya kuɗin makaranta.

Suka ta biyu daga malaman tushe take fitowa, masu cewa lokacin da ake kashewa a taro da rubuta rahoto ya fi dacewa a ba lissafi da tsarin adana bayanai da dabarun warware matsala, domin kayan aiki suna tsufa amma tushe ba ya tsufa. Wannan gaskiya ne ga ɗan aji ɗaya. Wanda bai iya rubuta ƙaramin kod shi kaɗai ba, jefa shi rukuni ɓoye shi ne kawai. Wurin babban furojet aji uku ne da huɗu.

Ta uku ita ce ta halin da ake ciki. Malami ɗaya da ɗalibai ɗari biyu ba zai iya bin rukuni talatin mako-mako ba. Ba kowa ke da laftof ba, data kuɗi ce, wuta kan ɗauke. Wannan ba a musa shi. Abin da ke rage kaifinsa shi ne Git yana aiki ba tare da intanet ba sai lokacin turawa, aikin mutum biyu a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na dubawa, salo ne da kamfanoni suke yi da gangan, kuma ɗaliban digiri na biyu za su iya riƙe rukunoni a madadin malami.

Yadda za a raba maki

A nan ne salon yake tsayawa ko ya rushe, kuma a ganina sashen da bai shirya wannan ba gara ya haƙura da furojet ɗin rukuni gaba ɗaya. Maki ya rabu biyu: kaso na rukuni, a kan ko abin yana aiki kuma mai buƙata ya karɓa, da kaso na mutum. Na mutum ba a ƙirga shi da yawan layukan kod, don wanda ya goge layi ɗari marasa amfani wataƙila ya fi wanda ya ƙara dubu. Ana duba tarihin ma'ajiya a ga ko aikinsa ya bazu a tsawon zango ko a dare ɗaya ya zubo. Ana sa 'yan rukuni su auna juna a asirce sau biyu ko uku, ba a ƙarshe kaɗai ba, don mai laƙo-laƙo ya sami damar gyarawa. Sannan a ranar karewa a kira kowa shi kaɗai, a buɗe wani sashe, a ce ya bayyana abin da yake yi, a kuma ce ya sauya wani ƙaramin abu nan take. Minti goma sun isa a gane wanda ya yi da wanda aka yi wa.

Aunawar juna tana da nata cikas a wurinmu. Kunya da zumunci sukan hana ɗalibi rage wa ɗan unguwarsu ko wanda ya girme shi maki. Shi ya sa ba za a dogara da ita kaɗai ba, kuma ya fi kyau malami ne ya haɗa rukunin, ba abokai su zaɓi juna ba.

Tambayar baki ta ranar karewa ta ƙara muhimmanci tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suke iya rubuta aikin gidan ɗan aji biyu cikin daƙiƙoƙi. Kod ɗin da aka miƙa ya daina zama shaidar an koya. Abin da na'urar ba ta yi shi ne zuwa Aboabo ta ji sharaɗin magajiya, ko ɗaukar alhaki idan lissafi ya saɓa.

Abin da zai iya biyo baya

Gwamnatoci sun shiga tseren yawa. Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, Ghana ta ƙaddamar da shirin masu rubuta kod miliyan ɗaya a Afrilun 2025. A Najeriya kuma, sabon tsarin karatu na hukumar jami'o'i NUC na 2022 ya ware fannin kwamfuta da digirin injiniyancin manhaja a cikinsa, Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashe mai wannan suna, ga shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu tun 1973. Idan gajerun kwasa-kwasai suka cika kasuwa da masu furogiramin, abin da zai sa digirin shekara huɗu ya ci kuɗinsa shi ne ɓangaren da ba a koya a wata uku. Ɗalibin da ya fita da ma'ajiyar da mai ɗaukar aiki zai buɗe ya ga yadda ya yi aiki da mutane na tsawon shekara, yana da abin nunawa ko a Tamale yake zaune yana neman aikin nesa.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata a faɗa a fili, wanda ya shafi mutanen da aka yi wa aikin. Manhajar da ta tattara sunaye da lambobin waya da kuɗin mutane ta shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ko ta Najeriya ta 2023, kuma kasancewar ɗalibai ne suka rubuta ba ya ɗauke nauyin. Lokacin gwaji, sunayen bogi ya kamata a zuba, ba littafin mai susu na gaskiya ba.

Sannan zango yana ƙarewa. Ɗalibai su karɓi maki, su tafi hidimar ƙasa, a bar mai susu da manhajar da babu mai gyara ta, kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan a intanet, ya ƙare, shafin ya rufe da lissafin mata sittin a ciki. Garin da aka yi wa haka sau biyu ba zai sake buɗe wa ɗalibai ƙofa ba. Maganin da wasu jami'o'i suka kama, har da Berkeley, shi ne rukunin bana ya gaji aikin rukunin bara: ya karanta kod ɗinsu, ya yi fama da bayanin da suka bari ko suka kasa bari, ya gyara, ya ƙara. Da haka mai buƙata ya sami mai kula, ɗalibai kuma suka sami horon da kamfanoni suka ce shi suka fi nema.

Wannan yana buƙatar sashe ya yanke abubuwa tun kafin a raba rukunoni: ma'ajiyar ta zauna da sunan sashen ba da sunan ɗalibi ba, a san wanda zai biya kuɗin saba bayan zango, a rubuta wa mai buƙata a takarda abin da aka yi alkawari da abin da ba a yi ba, a kuma tanadi hanyar da zai fitar da bayanansa ya buga a takarda duk ranar da ya so. Har sai rukuni na biyu ya karɓi aikin ya kuma yi wata guda lissafin manhajar yana daidai da na hannu, mai susu ya ci gaba da cike katinsa mai gurbi 31.